Ƙwallo da Tarihi a Fim ɗin "Das Wunder von Bern"

A shekarar 2003 Sönke Wortmann ya fitar da fim mai suna "Das Wunder von Bern", wato Abin Al'ajabi na Bern. An gina shi ne a kan wasan ƙarshe na cin kofin duniya da aka buga ranar 4 ga Yuli 1954 a birnin Bern na Suwizalan, inda Jamus ta Yamma ta doke Hangari da ci 3 da 2. Babu wanda ya zaci haka. Hangari ba ta sha kashi ba tun 1950, kuma a zagayen farko ta lallasa Jamusawan da ci 8 da 3. A wasan ƙarshen ma, cikin minti takwas Puskás da Czibor sun jefa ƙwallo biyu, kafin Morlock da Helmut Rahn su rama, Rahn kuma ya ƙara ta uku a minti na 84.

Wortmann bai tsaya a filin wasa ba. Ya ƙago wani yaro, Matthias, ɗan birnin Essen mai haƙar kwal, wanda yake ɗaukar wa Rahn jaka. Mahaifinsa Richard ya dawo gida bayan shekaru da dama yana fursunan yaƙi a Tarayyar Sobiyat. Ya tarar matarsa ta riƙe gida da sana'arta, ƴaƴa sun girma ba su san shi ba. Nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi. Uban yana neman girmamawa da tsawa da duka, har ya yanka zomayen da yaron yake kiwo aka yi abinci da su. Mai kallo yana jin zafin yaron, amma yana ganin uban ma abin tausayi ne. Peter Lohmeyer, wanda ya fito a matsayin uban, shi ne mahaifin yaron ɗan wasan na gaskiya, kuma ana ganin hakan a yadda suke kallon juna.

Sai dai tausayin yana da farashi. Fim ɗin ya nuna abin da aka yi wa Richard a sansanin fursunoni, amma bai matsa ba wajen tambayar abin da ya kai sojan Jamus ƙasar Rasha, da abin da ya aikata a can. Wanda ya yi ƙoƙarin yin tambayar shi ne babban ɗansa Bruno, shi kuwa labarin ya tura shi Barlin ta Gabas, gida ya huta da bakinsa. Haka kuma Sepp Herberger, mai horar da ƴan wasa, ya fito a matsayin dattijo mai hikima da barkwanci. Ba a faɗa wa mai kallo cewa ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933 ba, ko cewa shi ya riƙe ƙungiyar ƙasa a zamanin Hitler. Ba a kuma tsaya kan ƴan kallon da suka rera baitin farko na taken Jamus bayan wasan ba, baitin da aka daina amfani da shi bayan yaƙi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, domin shekara tara kacal ke tsakanin 1945 da 1954.

Ƴan Hangari ma ba su samu haƙƙinsu ba. Sun zama tamkar bangon da za a rushe, alhali ƙwallon da Puskás ya jefa daf da tashi, aka ce ya yi satar gida, har yau ana gardama a kanta.

Ta fuskar aiki, wasan da aka sake shiryawa ya yi kyau, da ruwan saman da Fritz Walter yake so da takalman Adi Dassler masu ƙusoshin da ake sauyawa. Taron ƴan kallo ne bai gamsar ba: an rushe filin Wankdorf a 2001, sai aka zana shi da kwamfuta, kuma ido yana gane hakan. Ƙarshen labarin, inda uba da ɗa suka tuƙa mota har Bern, yaron ya shiga filin a daidai lokacin da Rahn yake buƙatarsa, ya fi kama da tatsuniya. Rahn kansa bai ga fim ɗin a silima ba, domin ya rasu a watan Agusta 2003, kafin a fara nuna shi.