RIJIYAR KUSUGU TA HAƊIYE TARIHIN DAURA

Duk ɗan littafin da na ɗauka a kan Daura, zancensa ɗaya ne. Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Barno, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Daga nan sai jerin sunayen sarakuna, shi ke nan an rufe littafi.

A wajen tsari labarin ba shi da makusa. Dubi yadda aka saƙa kishi a cikinsa: Bagwariya ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari, Daurama ta haifi nata ta sa masa Bawo, wai a ba wo garin. Gwanin tatsuniya ne kaɗai zai iya wannan. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa wa ɗalibi shi a ce tarihi ne, har a liƙa masa shekara. Wasu Turawa ma sun ce Bayajida shi ne Abu Yazid, alhali wannan an kashe shi can Arewacin Afirka a 947.

To, ina labarin da yake da shaida? Wajen 1805 Malam Isiyaku ya zo da tutar Shehu ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa ba su saki sarautar ba, suka kafa ta a Zango, wani reshe kuma a Ɓaure. Shekara ɗari ana zaman doya da manja, har Turawa suka mai da Malam Musa birni a 1906. Abdurrahman da ya gaje shi ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Wannan duk M. G. Smith ya bi diddiginsa cikin The Affairs of Daura na 1978. Amma fa da Turanci ne, mai tauri kuwa, kuma hankalinsa na kan muƙaman fada. Mai karatu ba ya jin ƙurar hawan Gani ko kaɗan.

Baƙo ma haka ake yi masa. A kai shi Kusugu ya leƙa, a ba shi ruwa ya kurɓa, a nuna masa ƙofar fada. Da wuya a ce masa ga hanyar Zango, inda sarautar ta yi zaman hijira, ko Tsohon Birni, inda aka ce Daura ta fara zama.