Haruffa Masu Bakin Algaita da Matsalar Ƙugiya a Rubutun Alluna

1.0 Gabatarwa

Akwai wani zubin haruffan boko da ake keɓe wa kanun littafi da allunan shaguna. Sandar harafin takan tsuke a tsakiya, sannan ta buɗe a ƙarshe kamar bakin algaita. Wannan takarda za ta auna amfanin irin waɗannan haruffa ga mai rubuta Hausa, tare da ɗaukar misali daga Yakité, a yankin kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, inda Hausawa 'yan kasuwa ke zaune cikin masu jin Sango da Faransanci.

2.0 Asali da Siffa

Tushen wannan zubi shi ne rubutun da Rumawa ke sassaƙawa a jikin dutse. Daga cikin fitattun misalansa akwai Albertus, wanda Berthold Wolpe ya zana a shekarun 1930, kuma da shi aka rubuta sunayen titunan tsohon birnin Landan. Akwai kuma Optima na Hermann Zapf, wanda ya fito a 1958, kodayake buɗewar bakinsa kaɗan ce.

Haruffan suna da kwarjini, kuma ana hango su daga nesa. Sai dai masu ado sosai daga cikinsu kan gajiyar da ido a dogon rubutu, don haka wurinsu shi ne kanu da allo.

3.0 Matsalar Ƙugiya

An zana waɗannan haruffa ne domin harsunan Turai. Saboda haka ɗan kasuwar da ya nemi a buga masa "Yakité" da Albertus ba zai sha wahala ba, domin alamar da ke kan harafin ƙarshe ta Faransanci ce. Amma idan ya so a ƙara "Masaukin Baƙi", sai a tarar babu ƙ a zubin na asali. Mai bugawa ya sa k, allo ya koma "Masaukin Baki". Haka "ƙafa" ke zama "kafa", "ɗaiɗai" ya zama "daidai".

Ko mai fenti da ke iya ƙara ƙugiya da hannu bai tsira ba. Tun da kowace sanda ta buɗe baki, mai karatu na iya ɗaukar ƙugiyar Ƙ ko Ɗ a matsayin ado. Ke nan dole ƙugiyar ta fi bakin sauran sanduna girma da lanƙwasa, in ba haka ba kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Baƙaƙe masu ƙugiya sun shiga rubutun Hausa tun shekarun 1930. A shekarun 1980 kuwa, shi Zapf ɗin ya sa hannu wajen zana haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, waɗanda suka ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ya nuna gyaran mai yiwuwa ne.

4.0 Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya gwada kowane zubi da kalmomi uku kafin ya yaba kyansa: ɓera, ɗinki, ƙosai, da manyan baƙaƙe da ƙanana. Zubin da ya kasa fito da su bai dace da allon Hausa ba, a Yakité ne ko a Kantin Kwari.