Ina Uban Amarya A Wasanninmu Na Kwaikwayo?

Duk wanda ya karanta wasannin kwaikwayonmu na Hausa ya san marubutanmu ba su raga wa sha'anin aure ba. A cikin Jatau Na Kyallu, Shu'aibu Maƙarfi ya nuna mana attajirin da mace ta cinye wa dukiya. A cikin Uwar Gulma kuwa, Mohammed Sada ya nuna mana Halima tana shan wuya a hannun Hayatu. Wasannin nan sun yi kyau, sun kuma yi gargaɗi. Amma fa akwai mutum guda da ba su ba shi haƙƙinsa ba, watau uban amarya, wanda kan shiga bashi domin kayan ɗaki da gara.

Mu ɗalibai, in ana hirar tsadar aure a Samaru, sai ka ji kowa yana kuka da lefe. To, wannan kukan saurayi ne, kuma shi ne mai riƙe da alƙalami. Amma mai son ganin sauran labarin ya shiga kasuwar Sabon Gari gab da azumi, lokacin da bukukuwa ke yawa. Zai ga dattijo yana cinikin gado da kujeru, uwa tana ƙirga kwanuka da kuɗin adashi. Sau da yawa tun yarinya tana ƙarama ake ɗora mata talla don a tara wannan kaya, makaranta kuwa ko oho. In jere bai cika ba, 'yan ganin ɗaki su yi dariya, dangin miji su yi ta gori har ta haihu. Alhali kuwa abin da Shari'a ta wajabta shi ne sadaki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya, kuma na amarya ne ita kaɗai.

Ba a rasa ƙoƙarin gyara ba. A 1956 Jihar Gabas ta Nijeriya ta yi dokar ƙayyade kuɗin aure. A 1961 Indiya ta haramta dukiyar da iyayen mace ke bai wa miji, amma al'adar ba ta mutu ba. A Kano, tun 2012 gwamnati ta shiga aurar da zawarawa ta hannun Hisba, tana sayen gado da katifa. Wannan taimako ne, amma kuma shaida ce cewa gadon ne ke tare hanya. Doka tana iya yanka farashi, ba ta iya shiga ɗakin amarya ta hana gori.

Nan ne aikin marubuci yake. Abin da kunya ta kafa, dariya ce ke tumɓuke shi. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa masu tsara mana wasanni, su hau da dattijon nan kan dandamali. A nuna shi ya jinginar da gonarsa, a nuna masu gori suna ƙirga tukwane, har 'yan kallo su gane kansu su sunkuyar da kai. Mu kuma samari, kafin mu yi kuka da akwatin lefe, mu tambayi kanmu: wa zai yarda a kawo masa amarya da tabarma da buta?

Allah ya sa mu gyara, amin.