Sunan Le Mans ya fi ƙarfin fenti

Kamfanonin motoci sun gano cewa sunan tseren sa'o'i 24 na Le Mans, wanda ake yi a Faransa tun 1923, yana sayar da kaya. Sai su ɗauko motar gudu mai buɗaɗɗen rufi, su shafa mata launin motar da ta taɓa cin tseren, su ƙera 'yan ƙalilan, su tsawwala kuɗi. A ganina wannan rage wa tseren daraja ne, domin abin da ake gwadawa a Le Mans juriya ce: injin da zai kwana yana aiki bai mutu ba, da birkin da ba zai gaji ba ko da ruwan sama ya sauko da tsakar dare. A can ne Jaguar ta nuna wa duniya amfanin birki mai faifai da nasarar C-type a 1953, ga shi yau ya zama ruwan dare a motocin talakawa. Irin gadon da tseren yake bari ke nan.

Dubi abin da Bentley ta yi a 2023. Ta fitar da motocin Continental guda 48, masu rufi da buɗaɗɗu, don tunawa da nasarar da motarta Speed 8 ta samu a tseren a 2003. An yi musu koren fenti, an kuma ajiye ɓarin bawul na injin da ya ci tseren a gaban direban kowace mota. Abin yana da kyan gani, amma motar da aka saka shi a ciki ta haura tan biyu, alhali Speed 8 ba ta kai tan ɗaya ba, kuma injinsu ba ɗaya ba ne. An gaji kwalliyar, an bar aikin.

Wani zai ce buɗaɗɗen rufi ba baƙo ba ne a Le Mans. Gaskiya ne: Jaguar D-type da ta ci sau uku a jere daga 1955, da Audi R8 ta farkon shekarun 2000, duk ba su da rufi. To amma su an ƙera su haka ne tun daga tushe. Motar titi kuwa idan aka yanke rufinta sai an ƙara ƙarfe a gindinta don kada ta riƙa murɗewa, nauyi ya ƙaru, shi kuwa nauyi babban abokin gaban juriya ne. Wani kuma zai ce ai mai saye ya san tuna baya yake saya, babu wanda aka yaudara. Na yarda, sai dai ana iya tuna baya da aiki. Da motar Mazda 787B ta ci tseren a 1991, nasarar farko ga kamfanin Japan, Mazda ta fitar da MX-5 guda 24 a Birtaniya masu launin kore da ruwan lemo, ta kuma sa wa injin turbo, yadda direba zai ji bambancin a ƙafarsa tun kafin ya fita daga unguwa.