Hannu Ɗaya, Aiki Uku: Nazari a Kan Rayuwar Fasaha ta Geoffrey Holder

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun saba kasa aikin dandamali kashi-kashi: ga marubuci, ga mai ba da umarni, ga ɗan wasa, ga kuma mai tsara sutura da adon dandamali. Wannan rabo yana da amfani wajen koyarwa, amma yakan sa ɗalibi ya ɗauka cewa kowane kashi gona ce mai iyaka wadda maƙwabci ba ya shiga. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba mutum guda wanda ya riƙe uku daga cikin waɗannan ayyuka a wasan kwaikwayo na kiɗa da waƙa, wato Geoffrey Holder (1930-2014), mutumin tsibirin Tirinidad wanda ya yi suna a Amurka. Tambayarmu ita ce: idan hannu ɗaya ya riƙe wasa da umarni da tsari, mene ne wasan yake samu, kuma mene ne yake rasawa? Za mu ɗora hujjarmu a kan wasanni biyu da ya shirya, The Wiz na 1975 da Timbuktu! na 1978.

2.0 Tasowarsa

An haifi Holder a birnin Port of Spain a shekarar 1930. Yana ɗan shekara bakwai ya shiga ƙungiyar rawa ta wansa Boscoe, wanda shi kansa mai zane ne, makaɗi, kuma ɗan rawa. A wannan gida babu wanda ya raba masa zane da rawa, domin wanda zai taka rawa shi ne ke taya ɗinkin rigar da zai taka da ita. Ga kuma bikin Kanibal na ƙasarsu, inda mutum kan shiga cikin sutura wadda ta fi shi girma ya ratsa gari da ita yana rawa. Irin wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun da masu tashe a watan azumi su ke haɗa kayan shigarsu, su rera waƙarsu, su kuma tsara fitowarsu da kansu.

Da wansa ya koma Landan, Holder ya gaji jagorancin ƙungiyar. A 1952 shahararriyar mai tsara rawa Agnes de Mille ta ga wasansa, ta ba shi shawarar ya zo birnin Niyok. A 1954 ya fito a Burodwe, cibiyar gidajen wasa ta wannan birni, cikin wasan House of Flowers. A nan ya haɗu da 'yar rawa Carmen de Lavallade, suka yi aure a 1955. Ya kuma yi rawa a babban gidan wasan waƙa na Metropolitan, ya sami tallafin gidauniyar Guggenheim saboda zanensa.

3.0 Holder a Matsayin Ɗan Wasa

Allah ya hore wa Holder tsawo na kusan mita biyu, da murya mai kauri, da wata irin dariya wadda duk wanda ya ji ba ya mantawa. Wannan baiwa ta buɗe masa ƙofofi, ta kuma zame masa tarko. Masu shirya fim na Turawa sun fi son su sa shi a matsayin baƙon halitta mai ban tsoro ko ban dariya. Misali mafi fito fili shi ne fim ɗin James Bond mai suna Live and Let Die na 1973, inda ya fito a matsayin Baron Samedi, ɗaya daga cikin iskokin addinin gargajiyar mutanen Haiti. Holder ya san wannan al'ada sani na haƙiƙa, domin a 1968 ya shirya wa ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey wasan The Prodigal Prince a kan rayuwar mai zanen nan na Haiti, Hector Hyppolite, kuma shi ya tsara rawar da kiɗan da suturar. Amma a cikin fim ɗin an mayar da abin da wasu ke girmamawa ya zama dodon tsorata 'yan kallo.

Abin lura a nan shi ne, ɗan wasa, komai gwanintarsa, aron jikinsa ake yi a faɗi maganar wani. Muna ganin wannan ne ya sa riƙe ragamar umarni da tsari ya zama muhimmin al'amari ga baƙar fata irin Holder a Amurka ta wancan zamani. Wanda ya zaɓi launi da yadi da motsi, shi ke yanke hukuncin yadda za a ga mutanensa.

4.0 The Wiz: Inda Sutura Ta Zama Labari

The Wiz sabon zubi ne na tatsuniyar da L. Frank Baum ya wallafa a 1900, labarin yarinya Dorothy wadda guguwa ta sure ta zuwa ƙasar Oz. Charlie Smalls ya yi waƙoƙin, George Faison ya tsara rawa, 'yan wasan kuwa duka baƙar fata ne. Da farko sutura aka ba Holder, sai wasan ya sami tangarɗa lokacin da ake gwada shi a wasu garuruwa, aka miƙa masa umarnin baki ɗaya. An buɗe shi a Burodwe a watan Janairun 1975.

A nan ne amfanin haɗa ayyukan a hannu ɗaya ya bayyana. Labarin yana buƙatar guguwa, ga shi kuwa dandamali ba fim ba ne. Mai ba da umarni wanda ba ya tsara kaya zai nemi injiniya ya ƙera masa na'ura. Holder sai ya ɗora guguwar a jikin mutum: 'yar rawa ta fito da dogon baƙin yadi tana juyawa da shi, har ya naɗe dandamalin. Haka nan hanyar nan mai ruwan ɗorawa da Dorothy za ta bi, maimakon a shimfiɗa ta a ƙasa, sai ta zama 'yan rawa maza cikin shiga mai wannan launi, suna tafe ana bin su. Ke nan abin da aka saba ɗauka a matsayin ado ya koma ɗan wasa mai numfashi. Wannan dabara ba za ta zo wa mutum ba sai ya san nauyin yadi a jikin mai rawa, ya kuma san inda labari ya dosa. Holder ya san duka biyun, kuma tushensu shi ne Kanibal da ya tashi a ciki.

Masu sharhi a jaridu ba su yi wa wasan kyakkyawar tarba ba da fari, har an yi tunanin rufe shi. Talla a talabijin da yabon baka tsakanin baƙar fata suka cece shi. A ƙarshe ya ci lambobin Tony guda 7, biyu daga ciki na Holder ne, wato ta umarni da ta sutura, aka kuma nuna shi sau 1,672. Akwai wata hujja da ke ƙarfafa ra'ayinmu. A 1978 an mayar da wasan fim, da fitattun mawaƙa irin su Diana Ross da Michael Jackson, da kuɗi masu yawa, amma ba tare da Holder ba, fim ɗin kuwa bai mayar da kuɗinsa a gidajen silima ba. Ba mu ce rashinsa kaɗai ya jawo haka ba, sai dai ya nuna cewa ƙarfin wasan ba a waƙoƙin kawai yake ba.

5.0 Timbuktu!: Inda Ado Ya Rinjayi Jigo

Bayan wannan nasara, Holder ya ɗauki tsohon wasan nan Kismet na 1953, wanda aka gina a Bagadaza ta tatsuniya, ya mayar da shi Tambutu ta daular Mali a ƙarni na 14. A wannan karon shi ne mai umarni, shi ne mai tsara rawa, shi ne mai sutura. Eartha Kitt da Melba Moore da Gilbert Price suna cikin 'yan wasan. An buɗe shi a watan Maris na 1978, aka nuna shi sau 221 kawai.

Babu mai musun kyan abin da aka gani a dandamalin, har ma an sa sunan Holder cikin masu takarar lambar Tony ta sutura. Niyyarsa ma abar yabo ce, domin nuna wa Amurkawa daular Afirka mai sarauta da zinariya, a lokacin da yawancinsu ba su san Afirka da komai ba sai daji, aiki ne babba. Amma mu da ke kusa da wannan tarihi muna da ta cewa. Tambutu da muka sani gari ne na malamai da littattafai da fatake, garin masallacin Jingarebar da Mansa Musa ya sa aka gina bayan dawowarsa daga aikin hajjin 1324, garin da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Wasan bai ɗauki jigonsa daga nan ba. Labarin yana nan yadda Turawa suka ƙaga shi: mabaracin mawaƙi, da azzalumin waziri, da matarsa mai kwarkwasa. Kiɗan ma tushensa na Baturen Rasha ne, Borodin. An sauya wa wasan riga, amma gangar jikinsa tana Bagadaza ta mafarkin Turawa.

Dalilin wannan rauni, a ganinmu, yana cikin abin da ya ba The Wiz ƙarfi. A can akwai abokan aiki masu murya: Smalls ya kawo sabon kiɗa daga majami'u da titunan baƙar fatan Amurka, Faison ya riƙe rawa, don haka idon Holder yana da abin da zai yi wa hidima. A Timbuktu! kusan duk abin da ido ke gani ya taru a hannunsa, labari da kiɗa kuwa tsofaffi ne da ba a sake musu tushe ba. Idan mai sutura shi ne mai umarni, wa zai ce masa wannan riga ta yi kyau amma ta tsayar da labari? Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bugu da ƙari, mutumin da aka daɗe ana mayar da shi abin kallo a fim, sai ga shi ya kusa yi wa Tambutu irin abin da aka yi masa.

Ya kamata mu ƙara da cewa inda babu dogon labari, wannan matsala ba ta tasowa. Rawar Dougla da ya shirya wa ƙungiyar Dance Theatre of Harlem a 1974, a kan 'yan Tirinidad masu jinin Afirka da Indiya, ta daɗe ana nuna ta, domin a can launi da motsi su ne maganar gaba ɗayanta, kuma al'adar tasa ce.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa haɗa wasa da umarni da tsari ya ba Holder ikon da ɗan wasa zalla ba ya samu, ya kuma haifar da dabarun da suka sa sutura ta ɗauki nauyin labari. Mun kuma ga cewa wannan iko yana ruɗin mai shi idan babu abokin gardama, ko kuma idan al'adar da ake nunawa daga nesa aka hango ta. Shawararmu ga malaman wasan kwaikwayo a kwalejojin ilimi ita ce, kowane ɗalibi ya taɓa kowane fanni, ya yi wasa, ya ɗinka, ya ba da umarni, domin ya san yadda suke cuɗanya. Amma ranar da za a shirya wasa na gaske, a tabbata akwai marubuci ko masanin tarihi a gefe wanda ke da ikon cewa a'a. Holder ya rasu a Niyok a watan Oktoban 2014, yana da shekara 84.