Jinjina ga Maƙeran Pendon

A ƙauyen Long Wittenham na Ingila akwai gidan tarihin Pendon, wanda Roye England ya kafa a 1954. Masu aikin sa kai a wurin suna ƙera kawunan jiragen ƙasa na zamanin kwal da tururi, irin na kamfanin Great Western, kowanne an rage girmansa sau 76. Ƙaramin cikinsu tafin hannu ya ishe shi, amma ga bututun hayaƙi, ga sandunan da ke juya ƙafafu, kowace ƙusa a mazauninta. Fentin ne ya fi burge ni. Har baƙin hayaƙi da tsatsa sukan shafa masa, sai ka rantse jirgin ya sha tafiya. Sannunku da haƙuri, maƙera.