Tambaya Uku Kafin Hoto: Bitar Binciken YEARS

Gudan jinin da ya ɓalle daga jijiyar ƙafa ya je ya toshe jijiyar huhu ciwo ne mai ɓad da kama. Majiyyaci zai iso sashen gaggawa yana haki, ƙirji na suka, zuciya na dukan uku-uku, alamun da ciwon nimoniya da na zuciya ma suke zuwa da su. In likita ya sallame shi bai gano ba, yana iya yanke jiki ya faɗi a gida, rai ya yi halinsa. In kuma kowa za a tura hoton siti-sikan, an ɗora wa jama'a kashe kuɗi da allurar hoton da ke wahalar da ƙoda. Wannan tsaka mai wuya ce binciken YEARS ya tunkara, wanda Tom van der Hulle da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2017, bayan bibiyar majiyyata 3,465 a asibitoci 12 na ƙasar Holan.

Sauƙinsa ne ya fi burge ni. Ma'aunin Wells da aka saba da shi abubuwa bakwai yake lissafawa. Su kuwa tambaya uku suka bari: akwai alamar daskarewar jini a ƙafa? Yana tarin jini? Toshewar jijiyar huhu ita ce likita ya fi zargi? In duka amsar a'a ce, sai gwajin jini na di-daima ya kai 1,000 kafin a nemi hoto. In ko ɗaya ta tabbata, iyakar ta sauko 500. Likitan da ya kwana bai runtsa ba ma zai riƙe wannan a ka.

Sakamakon ya gamsar. Kashi 48 cikin ɗari ba su buƙaci hoto ba, alhali da tsohon tsari kashi 34 ne kawai za su tsallake. Cikin mutum 2,946 da aka ce ba su da ciwon, 18 ne gudan jini ya bayyana a jijiyoyinsu cikin wata uku, shida suka rasu. Marubutan ba su ɓoye waɗannan shidan ba, kuma na yaba musu a kan haka.

Sai dai akwai gyara. Tambaya ta uku ta rataya ne a kan ƙwarewar likita, sabon shiga da tsohon hannu ba za su amsa ta daidai ba. Sannan a Holan aka gwada. A Kano ko Maraɗi tarin jini ya fi nuni ga tarin fuka, kuma sikila da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna ɗaga di-daima ko babu gudan jini a huhu.

Duk da haka, inda na'urar hoto ta yi ƙaranci nan ne aka fi buƙatar irin wannan tsari. Ina kira ga asibitocinmu na koyarwa su gwada shi a kan majiyyatanmu, su fitar mana da alƙalumanmu.